Taliyar Shirataki: Abin da Ke Cikinta da Abin da Ake Jingina Mata

A jadawalin sinadaran abinci da gwamnatin Japan ke wallafawa, giram 100 na taliyar shirataki na ɗauke da kalori 6 zuwa 7, gwargwadon bugun da mutum ya duba. Dafaffiyar taliyar alkama mai wannan nauyi tana haura kalori 150, dafaffiyar shinkafa kuma tana wajen 130. Wannan tazara ce ta fitar da shirataki daga tukwanen Japan ta kai ta kantunan Amurka da Turai, inda ake tallata ta ga masu son rage ƙiba da masu ciwon sukari. Ƙarancin kalorin gaskiya ne, babu mai ja. Inda tallar ke zamewa shi ne wurin da take haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba: garin da ake yin taliyar da shi, wanda likitoci suka daɗe suna gwadawa, da ita kanta taliyar, wadda hanyar sarrafa ta ta riga ta sauya wa garin hali. Wanda ya raba su zai san abin da yake saya, zai kuma gane dalilin da ya sa da yawa daga masu gwada ta a karon farko ba sa komawa.

Tsiron da ake samo ta daga gare shi sunansa konjak, masana tsirrai kuma suna ce masa Amorphophallus konjac. Dangin gwaza ne, kuma shi ma saiwarsa ake nema. Ɗanyar saiwar ba ta ciwuwa, domin cike take da ƙananan tsinkayen sinadarin kalsiyam oksalet masu sa ƙaiƙayi da zugi a baki da maƙogwaro, har masu fere ta sai sun sa safar hannu. Nomanta aikin mai haƙuri ne. A Japan saiwar kan yi shekara biyu zuwa uku kafin ta isa sayarwa, ga shi ba ta jure sanyin hunturu. Manomi zai tone ta da kaka, ya adana ta a ɗakin ajiya, ya sake binne ta idan sanyi ya wuce, haka kowace shekara har ta yi girma. Jihar Gunma, wadda ke cikin tsaunukan arewa maso yammacin Tokyo, ita ke noma fiye da kashi 90 cikin 100 na konjak ɗin Japan, kuma garin Shimonita da ke cikinta ya yi suna wajen sarrafa shi. Gwamnati na kare manoman da harajin yen 2,796 a kan kowane kilo na saiwar da aka shigo da ita fiye da adadin da aka ƙayyade, harajin da ke cikin mafiya tsauri a ƙasar. Masu sharhi sukan tuna wa jama'a cewa Gunma ta fitar da firaministoci huɗu, wato Fukuda Takeo da Nakasone Yasuhiro da Obuchi Keizo da Fukuda Yasuo, sai su bar mai sauraro ya haɗa lissafin da kansa. A duniya kuwa ƙasar Sin ce kan gaba wajen noman, musamman lardunan kudu maso yamma irin su Yunnan da Sichuan, Indunusiya kuma ta shigo kasuwar da wani ɗan'uwan tsiron da suke kira porang.

Tsawon ƙarnoni konjak abincin lokaci ne a Japan, saboda ɗanyar saiwar ba ta daɗewa take ruɓewa, ga nauyi wajen dako. A 1776 wani manomi a yankin Mito, Nakajima Toemon, ya fito da dabarar yanka ta falle-falle, a shanya, a niƙa ta gari. Gari ba ya ruɓewa, ba ya nauyi, don haka abincin da a da aka fi sani da shi a wuraren ibadar 'yan Buda masu ƙaurace wa nama ya shiga gidan kowa. Ƙarfin danƙon wannan gari ya kai har sojojin Japan suka yi amfani da shi a 1944 da 1945 wajen manna takardun balan-balan masu ɗauke da bama-bamai da suka saki cikin iska zuwa Amurka.

Abin da ke ba garin danƙo shi ne glukomanan, doguwar sarƙa ta sukari iri biyu, manos da gulukos, wadda aka ƙulla ta yadda ruwan narkar da abinci na cikin ɗan'adam ba ya iya tsinka ta. Shi ya sa take wucewa ta ƙaramin hanji ba tare da ta ba jiki wani ƙarfi na a zo a gani ba. A jikin sarƙar, jefi-jefi, akwai wasu ƙananan rassa da ake kira asetil. Su ne ke hana sarƙoƙin mannewa da juna, su ne kuma ke sa garin ya narke a ruwa, ya kumbura ninkin-ba-ninkin, ya yi yauƙi mai kauri. Mai yin taliya ba yauƙi yake nema ba. Zai kwaɓa garin da ruwa mai yawa, ya zuba masa sinadari mai kaifin toka, wanda a da ruwan toka ne na gaske, yanzu kuma kalsiyam haidroksaid, sannan ya tura kwaɓin ta ƙananan huduji zuwa cikin ruwan zafi. Sinadarin zai kakkaɓe rassan asetil, sarƙoƙin su rungumi juna, su kulle ruwa a tsakaninsu. Abin da ya fito zare ne fari, kashi 96 zuwa 97 cikin 100 nasa ruwa, wanda ba zai sake narkewa ba ko da an yi ta tafasa shi. Wannan sauyi ba ya komawa baya. Jadawalin Japan ɗin nan ya nuna shi ƙarara: giram 2.9 na harza a cikin giram 100 na shirataki, kuma dukkanta an sa ta a layin harzar da ba ta narkewa a ruwa.

Japanawa ba su taɓa ɗaukar shirataki a matsayin tushen abinci ba. Shinkafa ce tushe, shirataki kuwa kayan cikin romo ce. Ana sa ta a sukiyaki tare da yankakken naman sa da albasa mai ganye da awara, ana sa ta a nikujaga, wato dahuwar nama da dankalin turawa, ana kuma ɗaure ta ƙulli-ƙulli a jefa cikin oden, romon hunturu mai daɗewa a kan wuta. A duk waɗannan, aikinta ɗaya ne: ta kwashi romo a tsakanin zarurrukanta, ta ba haƙori abin taunawa a tsakanin kayan da suka yi laushi. Mutanen da can suna yi wa konjak kirari da tsintsiyar ciki, saboda yadda yake sauƙaƙa bayan gida. Akwai ma wata tsohuwar ƙa'idar girki da ta ce kada a ajiye shirataki kusa da nama a tukunyar sukiyaki, wai kalsiyam ɗinta na taurara shi. A 2017 ƙungiyar masu sana'ar konjak ta Japan ta sanar da sakamakon gwajin da ta sa aka yi, wanda ya nuna taurin naman ya dogara ne ga irin naman da tsawon dahuwa. Ba a manta ba cewa masu sayar da kayan ne suka nemi gwajin, amma bayanin ya dace da hankali, tunda yawancin kaifin yana tafiya da ruwan wanki.

Da ta tsallaka teku sai aka ba ta wani aiki daban. A Amurka, daga shekarun 2000, masu tsarin cin abinci mara sitaci suka karɓe ta a madadin taliyar alkama. Kamfanin House Foods ya yi nau'in da aka gauraya da awara don ya yi laushi, kamfanin Miracle Noodle ya bayyana a 2006, a Faransa kuma Pierre Dukan ya sa ta cikin tsarin rage ƙibar da ke ɗauke da sunansa. A Amurka akan rubuta kalori sifili a jikin leda. Wannan sifilin na doka ne: ƙa'idar Amurka ta yarda a rubuta kalori 0 ga duk abincin da kason ci ɗaya nasa bai kai kalori 5 ba. Ba yaudara ce babba ba, bambancin 0 da 7 ba ya sa ƙiba. Babbar matsalar ita ce an ɗora wa kayan romo nauyin cika faranti, aka kuma yi masa ado da sakamakon binciken da ba a kansa aka yi ba.

Binciken yana nan, kuma ba na banza ba ne. A 2010 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta amince cewa glukomanan na taimakawa wajen rage nauyi, amma da sharuɗɗa: giram 3 a rana, a raba shi uku, a sha kowane giram da ruwa kofi ɗaya ko biyu kafin cin abinci, kuma mutum ya kasance dama yana rage abin da yake ci. Ta kuma amince da giram 4 a rana don daidaita kolestarol a jini. Kafin nan, a 2008, Sood da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwaje 14 da suka shafi mutum 531, suka ga raguwar kolestarol da sukarin jini, da raguwar nauyi da bai kai kilo ɗaya ba. A 2014 Onakpoya da Posadzki da Ernst suka sake tace gwaje-gwajen rage ƙiba, suka ce bambancin da ke tsakanin masu shan glukomanan da masu shan maganin bogi bai kai a kafa hujja da shi ba. Gwajin Keithley na 2013, da mutum 53 na tsawon mako 8, shi ma bai ga bambanci ba. Batun kolestarol ya fi tsayuwa da ƙafafunsa: nazarin Ho da abokan aiki na 2017 ya nuna giram 3 a rana na rage mugun kolestarol da kimanin kashi 10 cikin 100.

Mai karanta waɗannan rahotanni da natsuwa zai lura cewa mafi yawansu gari aka bayar, ko a ƙwanso ko a gauraye da abinci da abin sha. Hujjar da masanan ke bayarwa kuma duk a kan yauƙi take: garin ya kumbura a ciki, ya jinkirta saukar abinci zuwa hanji, ya rage saurin shigar sukari cikin jini, ya riƙe ruwan matsarmama ya fita da shi, hanta kuma ta jawo kolestarol daga jini don ta yi sabo. To ai wannan yauƙin shi ne mai yin taliya ya kashe da gangan. Shirataki ta riga ta sha ruwanta tun a masana'anta, ba za ta ƙara kumbura a ciki ba, ba kuma za ta kaurara abin da ke kewaye da ita ba. A ganina, ɗauko adadin kashi 10 ɗin nan a liƙa wa ledar taliya ƙetare iyakar hujja ne, ko da kuwa sunan sinadarin ɗaya ne a takarda.

Akwai gwaji ɗaya da ya tunkari taliyar kai tsaye, kuma ya fi amfani ga mai saye. A 2018 Au-Yeung da abokan aikinsa a Toronto ta Kanada suka ba mutum 16 abinci iri uku masu girma ɗaya: taliyar alkama zalla, rabi da rabi, da shirataki zalla. Bayan ɗan lokaci aka kawo kayan zaƙi aka ce kowa ya ci iya son ransa. Ba su rama abin da suka rasa a kayan zaƙin ba, don haka jimillar kalorin ta ragu da kashi 23 cikin 100 a rabi da rabi, da kashi 47 a shirataki zalla. Sai dai lokacin da suka ci ta zalla sun fi kukan yunwa. Mutum 16 ba su da yawa, zama ɗaya kuma ba wata shida ba ne. Duk da haka sakamakon ya fayyace inda amfanin yake. Shirataki tana rage kalori ne ta hanyar tare gurbin da sitaci zai zauna, kuma ciki yana gane bambancin idan aka cire sitacin gaba ɗaya.

Batun haɗari ma sai an rarrabe. Abin da ya jawo asarar rayuka shi ne alawar konjak ta ƙananan kofuna, wadda ake zuƙa da baki ta faɗa maƙogwaro gaba ɗayanta, ga ta ba ta narkewa da ɗumin jiki. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kanta a 2001, Tarayyar Turai ta hana ta a 2002, a Japan kuma rasuwar wani yaro ɗan shekara ɗaya a Hyogo a 2008 ta tayar da ƙura sosai. Ƙwayoyin busasshen gari su ma suna iya kumbura a maƙoshi idan ruwa ya yi kaɗan. Hanin bai shafi taliya ba, amma halin rashin narkewar ɗaya ne, shi ya sa ake yanka ta gajeru ga yara da tsofaffi, a kuma tauna da kyau. Wanda bai saba ba, idan ya cika ciki da ita, zai iya samun kumburi da iska ko sakin ciki.

A kanti, wadda aka fi gani ita ce jiƙaƙƙiya, a leda cikin ruwa, sau da yawa giram 200. Jerin kayan haɗinta gajere ne: ruwa, garin konjak, kalsiyam haidroksaid. Duk abin da ya ƙaru a kan haka ya cancanci dubawa. Awara ko harzar hatsi na ƙara laushi da kalori kaɗan, babu laifi. Busasshiyar shirataki da shinkafar konjak su ne abin lura, domin zallar konjak idan ta bushe ba ta komawa yadda take, don haka masu yin su sukan haɗa da sitacin rogo ko ruwan sukarinsa, kalorin ya ninka sau da yawa. Ruwan da ke cikin leda yana da kaifi da gangan, shi ke hana ƙwayoyin cuta, shi ya sa take yin watanni ba a buɗe ba. Idan an buɗe sai firji, a cikin ruwa, na 'yan kwanaki. Ba a sa ta a injin ƙanƙara: ruwan zai daskare ya fice, zaren ya yamutse ya yi tauri. Ita kanta daga tsiro take, amma Musulmin da ya sayi wadda aka haɗo da miyarta sai ya karanta, saboda miyar Japan takan ƙunshi mirin da sake, dukkansu kuwa suna da barasa.

Ƙarnin da ke tashi idan an yaga ledar shi ke korar mutane da yawa tun kafin su ɗora tukunya. Ba lalacewa ba ce. Sinadarin tiraimetilamin ne, wanda ke ba kifi ƙarninsa, yana cikin konjak, ruwa mai kaifi kuma yana sa shi tashi. Magani shi ne a zubar da ruwan, a wanke ta sosai a matsami, a tafasa minti biyu zuwa uku, a tsane. Mataki na gaba shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi muhimmanci: a zuba ta a kasko mai zafi ba mai, a yi ta juyawa har tururi ya ragu, ta fara ƙara a jikin kaskon. Dalilin a bayyane yake idan aka tuna yadda aka yi ta. Taliyar alkama na sakin sitaci, sitacin ya kama miya ya manna ta a jiki. Shirataki ba ta da sitaci ko kaɗan, jikinta santsi ne, kuma da ta ji gishiri da zafi sai ta saki ruwa ta tsinka miyar. Soya ta a bushe yana fitar da wannan ruwa tun da wuri. Bayan haka romo mai ƙarfi ya fi dacewa da ita, a bar ta ta dahu a ciki, in da hali ta huce a ciki, tunda ba ta caɓewa kamar taliyar alkama. A baki ta fi kusa da ganda mai laushi, kuma babu dabarar da za ta mayar da ita wani abu daban. Mai jiran ɗanɗanon sufageti zai yi ta jira.

Lissafin ƙarshe na faranti ne gaba ɗaya. Giram 200 na dafaffiyar taliyar alkama na da kalori kusan 310 da furotin wajen giram 11. Shirataki mai wannan nauyi na da kalori 14, furotin kuwa kusan babu. An rage kusan 300 ke nan. Amma cokalin cin abinci ɗaya na man gyada kalori 120 ne, kuma abincin da ba shi da ɗanɗano yana kiran mai. Cokali biyu da rabi sun cinye ribar. Don haka tsarin da ya fi dacewa da hujjar da ke hannu shi ne na rabi da rabi, tare da ƙwai ko kifi ko wake ko nama da ganye mai yawa, wanda kusan shi ne yadda masu ita suke ci tun asali, da shinkafa a gefe. Yaro mai tasowa, da mai juna biyu, da wanda ciwo ya ramar, ba su da abin da za su samu a abincin da ke cika ciki bai ciyar ba. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin gilibenkalamaid yana da nasa lissafin: an auna masa maganin ne bisa sitacin da ya saba ci, idan ya cire sitacin dare ɗaya bai taɓa maganin ba, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da kima, don haka likitansa ya kamata ya fara sanin sauyin kafin tukunya.